Kazar Baba Moro

Kazar ce ta fara takawa. Mulikatu tana kwashe wake da shinkafar da za ta kai bakin titi ta ga baƙar kazar nan ta miƙe daga gindin randa, ta ɗingisa sau biyu, ta bi tsaba da gudu. Matan gidan haya suka ɗauki guɗa.

Sati uku ke nan da 'yarta Sanatu, mai shekara sha huɗu, ta zame a bakin kwatar unguwarsu, Nima, ƙafarta ta karye. Faɗuwar ba ta kai ta kawo ba, ko ƙwai aka yar haka da wuya ya fashe. Aka kira Baba Moro maɗori, ya yi yadda ya gada: ya karya ƙafar kaza, ya ɗaure ta da karare, sannan ya ɗora ta yarinyar. Ranar da kaza ta taka, mai karaya ma zai taka.

"Tashi, Sanatu, abokiyarki ta riga ki," in ji wata maƙwabciya.

Suka kama ta ta hammata. Tana ɗora ƙafar a ƙasa ta saki ƙara, gumi ya keto mata.

"Mma, wallahi ba na iyawa."

"Raki ne," in ji matan. "Kaza ya taka, ke ma sai ki taka."

Mulikatu ta zaunar da ita. Shekara uku tana yi wa yarinyar nan allurar ciwon suga safe da yamma, ta san kukan raki, ta san na gaske. Ta aika aka kira Baba Moro.

Tsohon ya zo yana dogara sanda. Ya kwance kararen, ya bi ƙashin da babban yatsa. Duk unguwannin Nima da Maamobi an san shekara arba'in bai taɓa tura kowa asibiti ba, kuma ba ya gajiya da faɗin haka. Ga mata cike da tsakar gida sun zuba masa ido. Da ya ce a ƙara mata sati ɗaya, ba mai musa masa.

"'Yata," ya ce wa Mulikatu, "kaza ba shi da suga. Ƙashin nan bai kama ba, kuma ya fi ƙarfin hannuna. Ɗauko mayafinki."

Shi da kansa ya tare tiro-tiro, motar haya, ya sa yaron mota ya ba su kujerar gaba.

A babban asibiti aka ɗauki hoton ƙafar. Likita ta ɗaga shi a hasken taga ta ce ciwon suga yakan rage wa ƙashin yara ƙarfi, ya kuma jinkirta warkewa, da an matsa mata tafiya da ta gurgunce. Sai ta tambayi abin da yarinyar ke ci.

Mulikatu ta gyara zama ta fara bayani, don a nan kam ba ta da laifi. Tun ranar da aka ce mata suga ne, ta hana Sanatu duk wani farin abu: ba nono, ba madara, ba wagashi, cukun nan na Fulani. Ta cire ta daga wasan waje, kada rana ta sa ta suma.

"Maame, wa ya ce miki nono suga ne?" in ji likitar, tana kiranta uwa da yaren garin.

"Ai duk fari ne," in ji Mulikatu, murya ƙasa-ƙasa.

Likitar ba ta yi mata dariya ba. Ta ce a ba ta nono marar suga daidai gwargwado, da ƙananan kifi har ƙayarsu, ta riƙa zama a hantsi, allura kuma kada a fasa. Kunya ta kama Mulikatu, ga baƙin ciki, ashe da hannunta ta yi ta rage wa 'yarta ƙashi tana ganin gata take mata. Baba Moro yana bakin ƙofa, hula a hannu, yana sauraro kamar ɗan makaranta.

Aka sa wa ƙafar siminti. Da suka sauka a Maamobi, Mulikatu ta saya wa Sanatu wagashi, yarinyar ta cinye tana lasar yatsu. Sannan Mulikatu ta durƙusa gaban tsohon a bakin titi, mutane na wucewa.

"Baba, ban san da bakin da zan gode maka ba. Anjima zan aiko da kazarka."

A al'ada, kazar ta maɗori ce in aiki ya kammala.

"Bar shi tukuna," ya ce. "Wanda aka yi dominta, ita za ta kawo."

Sai bayan babbar salla aka fasa simintin. Ranar wata Juma'a da hantsi Baba Moro yana zaune a ƙofar gidansa ya hango Sanatu ta tsallako gadar katakon kwata, a hankali, ba sanda, kaza a hammata, uwarta a baya tana share hawaye da bakin mayafi.

Ya karɓi kazar, ya ɗaga ta daidai fuskarsa.

"Sannu, maƙaryaciya," ya ce wa kazar.