Awa Ukun da Baƙuwa Ta Manta

A ɗakin nan mai sanyi kamar firji, babbar na'ura ɗaya ce ke goye da ƙananan kwamfutoci tara a cikinta, ma'aikata suna kiransu baƙi. A cikin baƙuwa ta huɗu wani ya saki umarnin share fayil ranar Talata, ya kuskure wuri, ya kwashe takardun kwastomomi na shekara biyu. Har safiyar Laraba umarnin bai tsaya ba.

Manaja ya buga jerin ayyukan da ke gudana a takarda, ya ja layi da jan biro: umarnin ya fara ƙarfe huɗu da minti goma na yamma. Daga ƙarfe biyu kuwa Kawu Dogo ne a kan kujera. Shi ke nan, aka ce ya tattara kayansa.

Abin ya ƙona wa Tabarau rai. Ita ce mai aikin safe, kuma mutumin nan shi ya koya mata komai, tun ba ta san inda ake soka waya ba. Ga shi da yara biyar a gida, babbar ta shiga jami'a bana. Haba!

Ta ɗauki takardar tana bi layi-layi. Akwai shirin sa ido da take kunnawa kullum ƙarfe takwas, kafin ma ta ajiye jaka. Takarda ta ce na ranar Talata ƙarfe sha ɗaya ya fara. Kai, ƙarya ne wallahi!

Nan ta gane. Ranar Talata da yamma an kwantar da baƙuwar awa uku, aka mayar da ita wata na'urar. Ita kuwa baƙuwa ba ta ƙirga lokacin barcinta. Da ta farka sai ta yi lissafi baya, duk abin da aka kunna kafin barcin ta tura shi gaba da awa uku.

Da gudu ta faɗa ofishin manaja. "Yallaɓai, agogon nan ƙarya yake yi. Ba Kawu ba ne."

Ta yi bayani tana haki. Manaja ya gyara zama, ya ɗauki biro. "To, huɗu a cire uku. Ɗaya da minti goma ke nan. Wa ke kan kujera ƙarfe ɗaya?"

Sai ta tuna. Ƙarfe ɗaya ne aka kira ta daga makaranta, wai autarta na ta amai. Waya a kafaɗa ta buga umarnin nan, ba ta sake dubawa ba.

Kawu Dogo na tsaye a bakin ƙofa rungume da kwalin kayansa.

"'Yata, da kin bar shi," ya ce. "Tun safe na ga awa ukun nan."

Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi.

"Ajiye kwalin nan, Kawu," ta ce. Sannan ta juya. "Ni ce, yallaɓai."