Bindigar da Ba Ta Shan Mai

Zinatu ta dawo daga Karaye idanunta jawur, ko mayafi ba ta cire ba ta zauna a bakin ƙofar ɗaki. Mijinta Surajo yana tsakar gida yana wanke ƙafa, dawowarsa ke nan daga lodin albasa a Aliero, sai ya ɗauka rasuwa aka yi.

"Baba na," ta ce. "Ya ce idonai ya mutu. Ya ce ran Juma'a za shi tara maharba shi aje masu shugabancinsu."

Surajo ya ajiye buta. Baba Alu, mahaifin Zinatu, shi ne shugaban maharban Karaye tun Surajo bai san hanyar garin ba. Mutum ne da in ya ɗaga bindiga ake fara hura wuta. A ce wannan ne zai ajiye harbi, ai ba ƙaramar magana ba ce.

Da ya tambaye ta a hankali, sai labarin ya fito. Kurege ya addabi lambun kankanar tsohon a fadama, yana huda ta tun ba ta nuna ba. Bindigar toka kuwa ya daɗe da jingine ta, don a zamanin nan ƙararta kawai ta isa ta sa mata su kwashi yara su nufi daji. Sai ɗansa Shamsuddeen ya sayo masa bindigar iska a kasuwar Jega, irin wadda ake karyawa a sa mata ƙwayar dalma. Tun daga ranar Baba Alu bai sami ko kurege ɗaya ba. Na ƙarshen ma yana zaune a kan kankana yana kallonsa, a gaban maƙwabtan lambu, ya harba ya kuskure, ya sake ya kuskure, kuregen ya gama cin abincinsa ya tafi abinsa. Yanzu tsohon ko majalisa ba ya fita.

"Tana hayaƙi in ya harba?" Surajo ya tambaya.

"Ina na sani? Inna dai ta ce kullum sai ya ɗura mata mai, har ɗaki na wari. In ya harba kuma har bayan gida ana ji."

Sai ga Surajo yana dariya. Zinatu ta harare shi, ranta ya ɓaci sosai, ta ce ubanta na cikin wannan hali shi kuwa abin dariya ya gani.

"Idon Baba lahiya lau yake," ya ce. "In ƙarya ni kai, ki daina ba ni tuwo."

Ba cika baki yake yi ba. Surajo direba ne, amma tun yana saurayi yake bin hasbiya da bindigar iska a gonakin Jandutsi, kuma bindigogi masu arahar nan da yawa sun ratsa hannunsa, na kirki da na banza. Matsalar ɗaya ce, kuma babba ce: Baba Alu surukinsa ne. Tun da ya auri Zinatu bai taɓa haɗa ido da shi ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, balle ya buɗe baki ya ce masa ya yi kuskure, kuskuren ma a kan bindiga. Ga shi kuma bindigar kyautar ɗa ce. Ya kwana yana juya abin, da safe ya nufi kasuwa.

Mutanenmu da kunne suke sayen bindiga, wannan kowa ya sani, masu sayarwa sun fi kowa sani. Waliyyu, mai rumfar da ke tsakanin masu kayan injin ban-ruwa da masu famfon feshi, yana ganin Surajo ya zaro wata mai sheƙi daga kwali.

"Ga wagga, ƙarhinta ya hi na kowa. Duba lambar da anka rubuta ga kwalin."

"Da kwalin za ni harbi?"

Waliyyu ya karya ta, ya sa dalma, ya auna wani gwangwanin tumatir a jikin katangar bayan rumfa. Ta yi ƙara tau, hayaƙi ya fito shuɗi, gwangwanin ya yi tsalle. Masu wucewa suka tsaya, wani mahauci ya ce kai, wannan ko gada ta samu ta gama da ita. Surajo ya karɓa ya kai bakinta hancinsa.

"Man keken ɗinki ko baƙin mai?"

Waliyyu ya duba hagu da dama, ya yi murmushin wanda aka kama. "Kai dai ba ka da daɗin ciniki. In ban ɗiga ba, wa za shi saye? Kowa so shikai shi ji ta yi tsawa."

Abin da ke faruwa Surajo ya san shi daga motarsa. Injin gas ba ya da fulogi, matsa iska yake yi har ta yi zafi ta kunna man. Haka bindigar iska take in aka ɗiga mata mai a ramin da iskar ke fitowa. Man ya kama da wuta, ta yi ƙara, ta yi hayaƙi, dalma ta fita da ƙarfin da ba nata ba, wannan ta yi sama, ta gaba ta yi gefe. Robar ciki kuwa tana ƙonewa a hankali har ta tashi daga aiki.

Ya sa Waliyyu ya fito da duk waɗanda ke rumfar, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa. Ya karya kowace ya rufe, ya kama bututun ya girgiza. Wadda ta yi motsi ko kaɗan ya ture ta gefe, don bututun da ke rawa ba ya komawa inda ya baro. Ya ɗaga su ya leƙa cikin bututun ta hasken rana, yana neman zanen da ke murɗawa ya fito tsaf. Ya taɓa ƙaramar robar da ke bakin makaryar da farce, ya gwada notuna, ya saurari ƙarar sifirin, naɗaɗɗen ƙarfen da ke cikinta, lokacin ɗanawa, ko yana tafiya sumul ko yana gurza. Madubin hangen da ake liƙa wa masu arahar nan ko kallonsa bai yi ba, ya ce girgizar bindigar ce za ta fara kashe shi. Biyu suka rage. Ya kafa kwali a katanga, ya yi masa ɗigo da gawayi, ya yi ta harbi har man kamfani ya ƙone ƙarar ta kwanta. Ɗaya ta warwatsa ramukanta faɗin tafin hannu. Ɗayar, wata baƙa mai mummunar ƙota da fentinta ya fara tashi, ta tara nata wuri guda, har murfin kwalba zai rufe su.

"Wagga mummunar?" in ji Waliyyu. "Ta shekara nan ba wanda yat taɓa ta."

"Shi ya sa ba ka lalata ta ba."

Bayan la'asar ya isa Karaye a kan babur, bindigar a cikin buhu. Ya tarar da Baba Alu a zaure shi kaɗai, ya rame, ya zauna ya juya wa ƙofa baya. Tausayi ya kama Surajo. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa nesa, ya gaishe shi kansa a ƙasa. Sai da gaisuwa ta ƙare sannan ya turo buhun.

"Baba, bindiga nis saye. Na ce ba ni harba ta ga dabba sai kun duba mani ita."

"Malam Surajo, ka zo wurin da ba shi ba. Mai duba bindiga da ido shika dubawa."

"Ko albarka ku sa mata, Baba."

Wannan tsohon bai iya ƙi ba. Ya zaro ta, ya juya ta, hannunsa na bin ƙarfen da kansa. Sannan ya miƙa hannu bayan tabarma ya ɗauko 'yar kwalbar mai da gashin kaza a ciki. Haka maharba ke yi tun kakanni, ba a harba sabuwar bindiga sai an shayar da ita, kuma a bindigar toka gaskiyarsu ce, mai ne ke hana ta tsatsa. Ya karya ta, ya kai gashin daidai ramin iskar.

Surajo ya shirya dabaru iri-iri a hanya, amma bai shirya wa wannan ba. In man nan ya shiga, ta zama irin waccan, tsohon ya sake kuskure, maganar ido ta tabbata ke nan har abada.

"Baba, kada ku sa!"

Muryar ta fita da ƙarfi fiye da yadda ya so. Hannun Baba Alu ya tsaya. Daga cikin gida aka ji an daina daka.

"Mi ka ce?"

"Ku gahwarce ni. Wagga ba ta shan mai ta nan. Ga waje a shahe ta, amma ramin ga, a'a. Shi na ya ɓata taku."

"Yau kai za ka koya mani bindiga? Ina harbi ba a yi ma ubanka ko kaciya ba."

Surajo bai ja da baya ba, don ya san abin da ya sani. Ya ce shi bai isa ya koyar ba, roƙo ɗaya yake yi: a fito da bindigar Shamsuddeen, shi Surajo da idonsa na yaro ya harba ta a gabansu. In ta tafi daidai, ya yarda a kore shi daga gidan.

Tsohon ya ajiye gashin kazar, ya miƙe. Suka bi ta bayan gida zuwa lambu, shi a gaba, Surajo a baya ɗauke da bindigogi biyu da turmi a kafaɗa. Ya rataye wani fasasshen ƙoƙo a jikin kututturen giginya, ya kifa turmin, ya ɗora bindigar Shamsuddeen a kai don kada a ce hannunsa ne ya yi rawa. Ta yi tsawarta, ta yi hayaƙinta. Ta farko ta bugi kututturen can sama. Ta biyu ta tada ƙasa. Ta uku ba wanda ya san inda ta nufa. Ya yi ta harbi, ƙoƙon na lilo a iska ba ko ƙwarzane.

"Ai ko kai ba ka iya ba," in ji Baba Alu, amma muryarsa ta canza.

Surajo ya ɗana baƙar ya miƙa masa da hannu biyu. Tsohon ya karɓa kamar ba ya so. Ya danne ta a kafaɗa da ƙarfi yadda ake danne ta toka, ya ja kunama. Ta ce tuf, ƙarar da ba ta fi tari ba, dalma ta gogi gefen kututture. Surajo ya ga laifin riƙon ne, ya buɗe baki, ya kuma rufe. Ya riga ya yi maganar da ta ishe shi ta shekara guda.

Bai ma buƙaci yi ba. Baba Alu ya dubi bindigar, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya ce a hankali, "Ashe ba ta son a matse ta." Ya karya ta da kansa ya sa dalma, ya kwantar da ita sakwa-sakwa a hannun hagu. Ƙoƙon ya yi ƙwas. Ya sake, ya sake, kowace tana faɗawa kusa da 'yar'uwarta, har tsakiyar ƙoƙon ta zube ƙasa.

Tsohon ya sake ɗana ta. Can ƙarshen lambu, wajen da kankana ta fi girma, ganye ya motsa, wani kurege ya miƙe a kan ƙafafunsa na baya yana duba duniya. Surajo ma sai da ya ƙanƙance ido kafin ya gan shi, ya kuwa tarar tsohon ya riga ya ɗaga bindiga. Tuf. Kuregen ya kife a wurin.

Baba Alu ya sauke ta, ya zauna a kan turmin, ya ɗora ta a cinya.

"Wagga ta zauna nan," ya ce. "Waccan ka tahi da ita, in tana gyaruwa ka gyara, kada Shamsuddeen shi ji zahi."

"To, Baba."

"Ka biya ka hwaɗa ma maharba taron Juma'a na nan. Hwarautar kaka za mu tsara."

"To, Baba."

Tsohon ya kai bayan hannu ya shafi idanunsa. "Dut kwanakin ga ina zaginsu," ya ce, "ashe ba su yi mani komi ba." Idanun nan biyu suka cika da ruwa har ya gangaro cikin furfurar gemunsa, bai kuwa share ba. Surajo ya sunkuyar da kai ƙasa, bai ɗago ba har sai da ya ji tsohon ya tashi ya nufi inda kuregen yake.