Yadin da Ya Buɗe Idon Yaya

Shekara talatin da ɗaya Mai Hoto ya yi yana ɗaukar fuskokin mutane, amma ko sau ɗaya bai taɓa samun yayarsa da ido a buɗe ba. Ba don bai gwada ba. Yaya zabiya ce, ita da rana ba sa ga maciji. Da ta fita waje sai idanun su tsuke, goshin ya tattare, ta fito a hoto kamar wadda aka ɗura wa magani mai ɗaci. A ɗaki kuwa, idan ya kunna wutar kyamara, ta runtse ke nan tun bai danna ba. Idan ya kashe, hasken ya yi wa tsohuwar kyamararsa kaɗan, sai ta yi ta jan jiki kafin ta kama hoton. Ƙwayar idon Yaya kuma tun haihuwa rawa take yi, ba ta jiran kowa, saboda haka inda ido ya kamata ya fito sai a ga dishi-dishi.

Ita dai ta daɗe da sallamawa. "Ɗauki ƙeyata, Auta," ta kan ce masa. "Ita ba ta da gardama."

Auta take kiransa har yau, da furfurarsa da komai, domin ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu.

Ɗa ɗaya Allah ya ba Yaya, shi ma aiki ya kai shi wata ƙasa mai nisa. Can ya yi aure, can aka haifa masa 'ya mace, fara tas kamar kakarta. Yarinyar ta shekara biyar, Yaya ba ta taɓa ɗaukarta a hannu ba. Takardun tafiya sun ƙi fitowa, ɗan kuma kullum sai baɗi. A waya suke gaisawa, amma Yaya ba ta gani sai ta manna wayar a fuska, don haka abin da jikar ta sani na kakarta bai wuce hanci da rabin goshi ba.

Wata safiya Yaya ta shigo shagon, ta naɗe lemarta, ta zauna a bencin masu jira ba tare da ta cire baƙin tabarau ba. Ya san da magana, domin ba ta tsokane shi a kan ƙurar tebur ba.

"Ƙawata ta yi tambaya," in ji ta. Haka take kiran jikar. "Ta baje hotunana gaba ɗaya a ƙasa, ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta ce wa ubanta, wai Kaka ba ta da ido ne?"

Mai Hoto ya fara dariya, sai ya ga ita ba ta yi ba.

"Ranar ɗaukar hoto a makarantarsu ɓuya ta yi a bayan ƙofa. Ta ce irinmu ba ma fitowa da ido." Yaya ta gyara zaman lemar a cinyarta. "Abokin aikin ubanta ya zo hutu, jibi zai koma. Ina son hoto na takarda, wanda za ta riƙe a hanci yadda nake yi, ba na waya mai ƙona ido ba. Kuma da idona a buɗe. Ka iya ko in nemi mai hoto?"

Maganar ta soke shi, amma bai nuna ba. Ya san abin da ake buƙata: haske mai yawa, yadda kyamara za ta cafke ƙwayar idon kafin ta motsa, amma haske marar cizo, yadda Yaya za ta yarda ta buɗe. Inuwar bishiya ba ta isa, hasken yamma ma haka. Sai dai rana tsaka, a kuma tace ta.

Yana da irin fararen ƙyallayen nan masu zagayen waya da ake naɗewa a jaka, waɗanda shi yake kira matatan rana. Da azahar ya kwashe su sai tsakar gidan Yaya. Ya ɗaura na farko a jikin sanda bisa kanta, mai shara-shara. Ta cire tabarau, ta mayar nan take.

"Wannan ai rana ta saye shi."

Ya sa mai kauri. Ta ɗan buɗe ido, amma kyamara ta ce ba ta gani. Ga shi kuma duka biyun ƙanana ne, rana tana zagayowa ta bugi farin bango, ta bugi siminti, ta taso mata ta ƙasan haɓa. Ya yi ta kai da kawo da ɗan abin auna haskensa, yana gumi, yana lissafi a baki, ita kuwa hawaye na bin kumatunta saboda zafin ido.

"Auta, ajiye abin nan," ta ce. "Shekara sittin da biyu idona yana auna rana. Kai ni wurin masu yadi."

Mai yadi ya sha ganin masu zaɓe iri-iri, amma bai taɓa ganin tsohuwar da za ta tsaya a bakin shago, ta lulluɓe fuska da yadi, ta ɗaga kai sama ba. Na farko mai santsi ne, ta ce ƙyallinsa allura yake tsira mata. Na biyu kamar gidan sauro, ta ce ko gaisawa bai yi da rana ba ya bar ta ta wuce. Na uku zanen gado ne, ta ji daɗinsa, amma Mai Hoto ya sa tafin hannu a ƙarƙashi, ya dubi hasken da ya rage, ya girgiza kai. Haka suka yi ta yi, abin da idonta ya karɓa kyamara ta ƙi, abin da kyamara ta so idonta ya ƙi. Mai yadi ya gaji da saukewa, ya jawo wani farin yadin auduga marar tsada da teloli ke sawa a cikin riga.

"Wannan ba na ado ba ne, Baba," ya ce mata.

"Ni ma ba ta ado ba ce. Miƙo."

Ta ɗora a fuska. Ta ninka biyu, ta sake ɗorawa. Sannan ta raba ninkin da hannu, ta bar iska a tsakani, ta daɗe kanta a sama.

"Wannan," in ji ta. "Biyu, amma kada su haɗu."

Mai Hoto ya sa hannu a ƙarƙashi. Hasken na nan da yawansa, sai dai ya kwanta luf, ko inuwar yatsunsa ba ta da baki. Ya ji kunya ƙwarai. Shekara talatin da ɗaya yana tambayar littattafai da abokan sana'a, bai taɓa tambayar mai idon ba.

Washegari da rana tsaka ya ɗaura igiyoyin shanya hawa biyu, taƙi guda a tsakani, ya baza yadin a kansu har ya rufe rabin tsakar gidan. Ya shimfiɗa bargo mai duhu a kan siminti, ya rataya wani a farin bangon. Yaya ta fito da rigarta shuɗiya, ta zauna a kujera, ta cire tabarau ta riƙe a cinya. Idanun a rufe gam, don sabo.

"Shirya, Yaya. Ɗaya, biyu..."

"Kada ka ƙirga. Duk wanda ya taɓa ƙirga min, a ta uku ciwo nake ji."

Ya bar ƙirgar. Can ya ce, "To, ga ƙawarki nan a cikin gilashin kyamara. Me za ki ce mata?"

Ta daɗe ba ta motsa ba. Sai goshin ya fara sakewa, fararen gashin idon suka ɗaga a hankali, ta buɗe.

Launin shayi marar ƙarfi ne, da ɗan toka-toka a gefe, suna 'yar rawarsu. Mai Hoto ya tsaya da yatsa a kan maɓalli. Wannan matar ta yi masa wanka, ta raka shi makaranta da hannu a goshi, ta yi jinyarsa, amma sai yau, yana da jikoki, ya san kalar idonta. A ɗaki bai taɓa lura ba, a waje kuma ba ta taɓa iya nuna masa ba. Wata irin kewa ta kama shi, ta duk shekarun da tana kallonsa shi bai gani ba.

"Ka danna mana, Auta," ta ce, ba ta kawar da ido ba. "Ko sai sun huce?"

Ya danna, ya sake dannawa, har sau tara. A na shida ta yi murmushi, kuma kyamara ta kama ƙwayar idon cak.

Da la'asar ya kawo hoton, babba, yadda ƙaramar yarinya za ta gani ba wahala. Yaya ta kai shi hanci, ta bi shi daga sama har ƙasa, ta dawo kan idanun ta tsaya.

"Ashe haka nake kallon mutane," ta ce a hankali. Ta ajiye shi a cinya. "Kwance min yadin."

"Na so in bar shi a shago, Yaya. Ban taɓa samun haske irinsa ba."

"Mai yadi bai mutu ba, ka koma. Wannan na riga na gwada shi da idona. Kwance."

Ya kwance. Ta ninke shi da kanta, ta sa hoton a tsakiya, ta sa ya ɗauko takarda ya rubuta wa ɗanta yadda ake yi: hawa biyu, taƙi guda a tsakani, bargo mai duhu a ƙasa, rana tsaka. Ta ƙara na ƙarshe, ta ce ya ja layi a ƙarƙashinsa: kada a ƙirga wa yarinyar.

"Hoton ai ya isa amsa," in ji shi.

"Ya isa amsarta. Ita za ta ga nawa." Ta ɗaure ƙunshin da bakin zare, ta ja da haƙori. "Ni fa har yau ban ga nata ba."

Da safe baƙon ya tafi da ƙunshin. Mai Hoto ya biyo da azahar don ya kwance igiyar sama, wadda ba ta da amfani ga shanya. Ya tarar da rana ta koma ta mallake tsakar gidan, Yaya kuma tana zaune daga cikin ƙofa, da tabarau, wayar a cinyarta.

"Bar igiyar," ta ce. "In sun zo, a nan za ka ɗauke mu tare."

Ya sauke hannu. Ta juya wayar, ta kai ta hanci, ta mayar.

"Auta, can ƙasar tasu, ƙarfe nawa rana take tsaka?"