Hoton Malama Safara'u

"Ɗan tallafo ta, baiwar Allah, fuskarta ba ta fita sosai," in ji mai ɗaukar hoton.

Na zura hannu ta bayan Malama Safara'u na jingina ta da bango. Jikinta zafi rau. Kwana shida ke nan tana tari, ko kunu ba ya zama a cikinta. Amma da aka ce baƙi sun zo daga kwalejinsu, sai da ta sa na ɗauko mata mayafinta na zuwa makaranta.

Katanga ɗaya ce tsakanina da ita a Fulatan, wani ƙauye a ƙasar Rogo. Shekara ashirin da shida tana koyar da 'yan aji biyu da tsohuwar takardar malanta. Da aka fara raɗe-raɗin za a sauke marasa babbar takarda, ta shiga karatun ƙarshen mako, duk Asabar ta hau mota ta bi ta Karaye zuwa kwalejin. Saura zango ɗaya ta gama korona ta zo, aka rufe kwaleji, aka ce karatu ya koma waya. Tata ƙarama ce, mai tocila. Lambata aka sa a zauren ajinsu na intanet. Kullum da hantsi sai in taka turmi a gindin katanga, inda sabis yake kamawa, in sauke muryar malamansu in kai mata ta kwafa a littafi.

Shugabar baƙin, Hajiya Naja'atu, jami'ar walwalar ɗalibai, a bakin ƙofa ta tsaya, takunkumi biyu a fuska, safa a hannu.

"Malama, kwaleji ba ta manta da ku ba," ta ce. "Ga babbar waya domin ɗalibanmu na karkara."

Mai hoto ya fito da ita daga kwali ya ɗora wa Malama a cinya. Ta shafa gilashin.

"Allah Ya saka da alheri, Hajiya. Yanzu na huta da wahalar da Murja."

"Ɗan yi murmushi, Mama. Yawwa. Ki yi kamar kina karatu."

Ya ɗauka sau huɗu. Sannan ya miƙa hannu ya zare wayar, ya goge ta da audugar magani, ya mayar kwali.

"Ina kuma za ka da ita?" na tambaye shi.

"Wannan ta nuni ce," in ji Hajiyar. "Muna da wasu ɗaliban a ƙauyukan Kwanyawa da Yola ta Karaye, duk yau za mu zaga. Tata za ta zo idan ta cike fom."

"A ina ake cikewa?"

"A intanet."

"Hajiya, ki dube ta fa. Asibitin Rogo muke neman motar kai ta tun jiya, an rufe hanya. Ga taku a waje."

"Wallahi ba mu da izinin ɗaukar mara lafiya. Allah Ya ba ta sauƙi."

Suna fita Malama ta kamo zanina. "Kada ki yi musu faɗa, Murja. Su ne masu maki."

Washegari ƙaninta Ilu ya samo a-kori-kura muka kai ta. Aka ba ta magani aka ce mu koma gida, babu gado. Ta ƙara kwana takwas. Ranar Laraba bayan azahar ta ce in kunna mata darasin da aka turo, tunda jarrabawa ta matso. Malamin yana ta bayanin yadda ake tsara darasi, fanka na ƙara a bayansa. Na ga biro ya zame daga hannunta. Na kashe wayar, na matsa kusa da kunnenta ina maimaita mata kalmar shahada.

Ni da yayarta muka yi mata wanka. Mutane na tsoron cutar, sahu biyu kacal aka samu a sallar jana'izarta.

Ranar sadakar uku ina tsakar gidanta ina kwashe gumba, wayata ta yi ƙara. Hotonta ne aka turo zauren. An gyara shi, an haske fuskar, an yanke ni, sai yatsuna huɗu da suka rage a kafaɗarta. A ƙasa an rubuta: "Ɗalibarmu daga Rogo tana karatu cikin kwanciyar hankali da wayar da kwaleji ta ba ta." 'Yan ajin suna ta turo alamar tafi.

Na rubuta: "Malama Safara'u ta rasu ranar Laraba. Wayar kuma ba a ba ta ba."

Mutum uku suka yi mata addu'a. Can sai saƙona ya ɓace, an goge. Wakilin ajin ya kira ni.

"Ki yi haƙuri, Yaya, zauren na karatu ne kawai. An ce a gaya wa iyalinta su cike fom ɗin janyewa, kada sunanta ya fito cikin waɗanda suka faɗi."

Na kife wayar a kan murfin randa.

Hadari ya haɗo daga gabas, ruwan shuka na farko. Mata suka tashi suna naɗe tabarmi, yayarta ta tattara kwanuka ta shige ɗaki. Kazar Malama ta ja 'yan tsakinta ƙarƙashin rumbu, yayyafi ya fara sauka a kan tokar murhu.