Awarwaron Mama a Hannun Yaya Fung

Ni tun asali mai tara sitika ce. A babban kantin da ke ƙasan benenmu a Tuen Mun, in cefanenka ya kai wani adadi sai su ba ka 'yar sitika guda a matsayin gyara, ka liƙa a kati, in ya cika ka karɓi tukunya ko wuƙa. Duk tukwanen ɗakin girkina ta haka suka shigo, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. Yaya Fung, matar Tsang da ke hawan samanmu, ita ce mai jin kunyar a madadina.

Kullum da safe mukan haɗu mu biyar, matan benen, a gidan shayin unguwa. Kafin a kawo abinci Yaya Fung ta baje katunan bashinta a kan tebur kamar mai tallar goro. Wannan bankin akwatin tafiya yake ba sabon shiga, wancan tikitin jirgi, na ukun rowa gare shi, sai ka kashe dubu ashirin kafin ya ba ka butar lantarki. Ta san ranar da wa'adin kowanne yake cika fiye da yadda ta san ranar haihuwar mijinta. Da ta karɓi kyautar maraba sai ta sa almakashi ta datse katin, ta buɗe wani.

"A-Lan, ke fa tururuwa ce," takan ce mini. "Wata uku kina lasar sitika a kan tukunya ɗaya. Ni da sa hannu ɗaya na kai Osaka na dawo."

Nakan yi dariya tare da kowa. Abin da ya fi ba mu dariya shi ne yadda take cika sharaɗin kashe kuɗin. Da an kawo takardar kuɗin abinci sai ta yi wuf ta fizge, tana ɗaga murya wai yau nata ne, kada wanda ya taɓa, ta biya da katinta. A garin nan kowa ya san kokawar biyan kuɗin abinci, kuma wanda ya yi nasara shi ne mai girma a idon jama'a. Sai mun fito bakin lif ta miƙo tafin hannu, kowa ya zube nasa kason. Ta tafi da makin da banki ke ba mai kashe kuɗi da kati, ta tafi da suna, mu kuma mu tafi da abin sakace. Mun ɗauke shi halinta ne kawai, ba mu taɓa damuwa ba.

Sai Mama ta cika shekara tamanin. Mama a wurina take tun rasuwar Baba, ƙanena Wing-cheung kuwa yana Toronto, daga nesa yake ƙaunarta. Na ƙudurta ni zan yi mata liyafar cikar shekarun da kuɗina, ko don dangi su san ɗinkin da nake yi ba na banza ba ne. Rage tsawon wando da canza zif, da su na tara kuɗin, har idona ya fara neman sabon tabarau. Ranar liyafa kuɗin suna cikin ambulan a jakata, ina jiran a gama cin taliyar tsawon rai in je in biya.

Ban kai ga tashi ba sai ga manajan gidan abincin da ɗan farantinsa na azurfa, rasit a kai. Ya wuce ni, ya tsaya a kan Yaya Fung, ya rusuna, ya ce da muryar da duk zauren ya ji, "Madam Tsang, an biya komai, mun gode ƙwarai."

Gwaggonnina suka kalli juna. Wing-cheung, da ya taso daga Toronto don bikin, ya sunkuyar da kai. Mama ta kamo hannun Yaya Fung da hannu biyu, idonta ya cicciko. Ni kuwa ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa.

A bakin banɗaki Yaya Fung ta tare ni, tana murmushi, tafin hannun nan a buɗe. Wai sabon kati ne, saura kaɗan wa'adi ya cika, kuma ni tunda tsabar kuɗi zan biya ai asara ce a bar makin ya tafi a banza. Na zaro ambulan na ba ta, don a lokacin kaina bai kawo mini wata dabara ba. Ta ƙirga a gabana, ta ce ya cika.

Washegari Mama ta sa aka kira ta. Ta cire awarwaronta na koren dutse, wanda kakata ta ba ta, wanda tun ina yarinya take cewa nawa ne in ta tashi bari, ta zura wa Yaya Fung a hannu. Ina tsaye da butar shayi aka yi haka. Da ta fita na yi wa Mama bayani dalla-dalla. Ta saurare ni har na gama, sannan ta kira ni da cikakken sunana, ta ce, "Sau-lan, rashin kuɗi ba abin kunya ba ne. Ƙwace wa mutum alherinsa da baki shi ne abin kunya."

Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo, har yau in na tuna sai na ji ta a ƙirjina. Ba ni da shaida. Rasit sunan Tsang ne a kai, kuɗin hannu kuwa ba ya barin sawu. Na hau sama na roƙi Yaya Fung ta zo ta faɗa wa Mama gaskiya. Ta sauko kuwa, ta zauna kusa da ita, awarwaro yana ta walƙiya, ta ce, "Haba Mama, a bar maganar nan mana. Ni da A-Lan ai duk ɗaya muke." Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma faɗi gaskiya ba. Mama ta kalle ni, wato ga mai alheri da kawaici, ga kuma 'yarta. Wing-cheung ma da ya koma ya bugo waya yana faɗa, wai da na gaya masa ba ni da hali ai da ya turo, ba sai maƙwabta sun rufa mana asiri ba.

Ban yi faɗa da ita ba, ban daina zuwa shayi ba. Mai tara sitika ai ta iya jira. Na ci gaba da zuba mata shayi ina kallon awarwaron kakata yana bugun kofinta, ta ciki na ciki. A gida kuwa Mama ta daina ba ni ajiyar kuɗinta, in ta karɓi na tsofaffi sai ta tura a ƙarƙashin matashin kai.

Da matar ɗan Yaya Fung ta samu ciki, tun kafin a san ko mace ce ko namiji aka fara yi mana lissafin liyafar cikar jariri wata guda. Iyayen yarinyar, su Szeto, masu shagunan kayan gini ne, kuma Yaya Fung ta rantse ba za su biya ko ƙwai ɗaya ba, don su san ɗanta ba daga bola ya fito ba. Ta kama zauren da aka yi na Mama. Ta auna lokacin haihuwa, ta buɗe sababbin katuna biyu, rabi a wannan rabi a wancan, tikitin jirgi biyu ke nan ita da mijinta. Duk a gabanmu take wannan tsarin, tana zana shi da tsinken cin abinci a kan tebur.

Wata safiya na sassauta murya na ce, "Yaya, na gaji da lasar sitika. Ki zaɓa mini kati mai kyau mana."

Kamar na ba ta kyautar gida. Ta ce yau tururuwa ta yi fiffike. Ta kwatanta mini bankuna huɗu, ta zaɓi ɗaya, ta cika mini komai da hannunta, don ita ma akwai ladan da suke ba wanda ya kawo sabon mutum. Da aka zo zaɓen kyauta na ce takardun sayayya na kanti nake so, ta riƙe ciki tana dariya, wai mai hali ba ya fasa halinsa. Na tambaye ta, to in abin da mutum zai saya ya fi ƙarfin abin da banki ya yarda ya ranta masa fa? Ta ce wannan ai mai sauƙi ne, sai ki fara zuba kuɗinki a cikin katin, sai ya ɗauki kaya mai nauyi. Na gode mata sosai. Satin bikin na kwashe duk abin da na mallaka, har da abin da 'yata ta ara mini, na zuba a katin.

Ranar liyafa na sa wa Mama rigarta ta siliki, na duba na'urar kunnenta na sa sabon batir. Zaure ya cika, jan ƙwai da citta a kowane tebur, jariri yana ta yawo hannu zuwa hannu. Yaya Fung tana zagayawa da shi, hannun awarwaron a sama don kowa ya gani. Na san tsarinta, sai an kawo 'ya'yan itace take tashi biya, lokacin da idon kowa ya dawo daga kwano. Ni kuwa da aka kawo kifi na ce zan zaga.

Na zarce wurin biyan kuɗi, manajan nan ne dai. Na miƙa masa katina na ce sauran kuɗin liyafar gaba ɗaya. Ya ɗan yi jim, ya leƙa zaure. Na ce, "Ranar liyafar mahaifiyata wa ka tambaya kafin ka karɓi katin Madam Tsang?" Ya karɓa. Na roƙe shi ya kawo rasit ɗin tebur, a kan farantin nan nasa, kuma kada ya rage murya.

Bai rage ba, ya tsaya a kaina ya rusuna. "Madam Mak, an biya komai, mun gode ƙwarai."

Yaya Fung tana tsaye da jaka a buɗe, katunanta biyu a hannu. Tsoho Szeto ya miƙe da kofinsa ya yi mini jinjina, sannan ya juya ya ce wa matarsa, ba a hankali ba, da sun san abin ya yi wa gidan Tsang nauyi ai da sun ɗauke musu. Ɗan Yaya Fung ya rasa inda zai sa fuskarsa. Daɗin da na ji a lokacin ba zan ɓoye shi ba, har cikin ƙashina na ji shi.

Ta ƙaraso teburinmu fuska ba jini, ta sunkuyo tana magana ta cikin haƙora, wai in tashi yanzu-yanzu mu je a soke, in kuma gaya wa mutane abin da ke nan. Na dafa hannunta, daidai kan awarwaron, na ɗaga murya yadda ta saba ɗagawa.

"Haba Yaya, a bar maganar nan mana. Ni da ke ai duk ɗaya muke."

Wasu har da tafi. Matar Szeto ta ce irin wannan maƙwabciya sai an tona. A nan Yaya Fung ta kasa riƙe kanta. Ta juya wajen surukanta, ta ce, "Ba fa biya mini ta yi ba! Kati kawai ta miƙa, kuɗin suna wurina, zan ba ta. Maki take nema. Haka ni ma na yi ranar liyafar uwarta, kuma a take ta ba ni kuɗina a hannu, ku tambaye ta."

Na juya na kalli Mama. Ba ni aka yi wa bayanin ba, kuma wadda nake so ta ji tana zaune a gefena.

Mama ta ajiye tsinken cin abincinta. Ta taɓa na'urar kunnenta, ta dubi Yaya Fung, ta ce, "Lai-fung, kunnena ya tsufa. Maimaita na ƙarshen."

Yaya Fung ta kalli su Szeto, ta kalli Mama. In ta janye, ta zama wadda maƙwabciya ta biya wa bikin jika. In ta maimaita, ta san abin da ke hannunta. Ta zaɓi surukanta, ta maimaita, wannan karon a hankali.

Mama ta gyaɗa kai. Ta yafito wata mai kawo abinci, ta ce a taimaka mata da sabulu da ɗan ruwa a kwano. Duk macen da ke zauren ta san abin da ake yi da sabulu a irin wannan wuri. Awarwaron dutse ba ya fita ta daɗi, balle a hannun da ya ƙara ƙiba. Mama da kanta ta shafa, ta murza, ta ja, Yaya Fung tana cije leɓe, baƙi suna kallon kwanukansu. Da ya fito, bayan hannunta ya yi ja wur.

Mama ba ta ba ni haƙuri ba, ba a yi ta da wannan ba. Ta kamo hannuna, ta zura awarwaron da sauran sabulun a jikinsa, ya shige ba gardama, har ya gangaro kusa da gwiwar hannuna. Ta daɗe tana kallon yadda yake lilo.

"Kin rame," ta ce. "Kullum kina gabana, ban gani ba."

Ta ɗauko tsokar kumatun kifin, wadda ake ba babba a tebur, ta sa mini a kwano.