Yankan da Ya Ƙi Rufewa

Dogo yana yanka gilashin tagogi a wani shago da ke bayan tasha. Yanka a hannu ba baƙonsa ba ne. Yakan goge jinin da gefen riga ya ci gaba da aiki. Amma wanda gefen madubi ya yi masa a bayan hannun hagu ya ƙi rufewa. Bakin ciwon ya yi fari, kewayensa ya yi ja, kullum da safe sai ya tarar bandejin ya manne.

Ga kuma ciwon kai. Da hantsi yake farawa daga ƙeya, ya hau har bayan idanu, sai layin da ya ja a kan gilashi ya rabu biyu a gabansa. Ranar da ya ɓata gilashi biyu a jere, maigidansa ya karɓe abin yankan.

"Kai, lafiyarka kuwa? Ko soyayya ce ta hana ka barci?"

Dogo ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya riga ya bincika a waya, kuma duk abin da ya karanta ƙarshensa ko yanke hannu ko makara.

A gida, yayarsa, wadda ta riƙe shi tun rasuwar iyayensu, ta tsaya tana kallonsa yana kwankwaɗar ruwa kofi bayan kofi, wando na zame masa a ƙugu.

"Kwance hannun nan in gani."

"Yaya, ba komai ba ne."

Ta kwance da kanta. Warin ya bugi hancinta, ta kawar da kai. "Gobe asibiti, ko da jan ka zan yi."

Washegari a asibiti, zaman bencin jira ya yi masa tsawo. Da aka kira shi, likitar ta ɗauki jini, ta jero tambayoyi. Ƙishirwa? Yawan fitsari? Maruru da mura suna yawan dawowa? Kowace tambaya ya amsa da "e".

Da sakamako ya fito, ta ce, "Suga ne, kuma ya hau sosai."

"Suga? Likita, ko aure ban yi ba. Ai ciwon tsofaffi ne."

"Ba ya tambayar shekaru. In ya yi yawa a jini, garkuwar jiki takan yi rauni, ciwo ya daɗe bai warke ba. Ciwon kan ma wataƙila daga nan yake, amma za mu ƙara dubawa."

Ya kalli hannunsa. "Za a yanke?"

"Ba mu kai can ba. Ka zo da sauran lokaci. Za a wanke shi yau, ka fara magani, ka dawo in sake gani." Ta juya wajen yayar. "Akwai mai irin wannan a gidanku?"

Yaya ta ce, "Babanmu ƙafarsa ta ƙi warkewa kafin ya rasu. Ba a taɓa gwada shi ba."

"To, ke ma sai a gwada."

"Ni lafiyata ƙalau," ta ce da sauri.

Dogo ya tashi daga kujerar, ya tura mata ita da ƙafa. Ta harare shi, ta zauna, ta miƙa yatsa tana kallon bango.