Kunnen Dama na Kuwabara

Kuwabara Tetsuji ya fi shekara ashirin yana saka wa mutanen birnin Osaka na Japan faya-fayan kiɗan rawa na zamani da ake kira haus. Da shi aka fara tun ana taruwa a 'yan ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, har ya samu shirinsa na rediyo duk Juma'a da hantsi, ya kuma zama shi ke gayyato makaɗa daga ƙasashen waje. Amma abin da ya fi ji da shi shi ne casun da yake shiryawa kowace bazara da rana, a kan rufin wani tsohon sito kusa da tashar jiragen ruwa, inda iyaye kan zo har da 'ya'yansu.

A casun shekarar da ya cika hamsin, rufin ya cika maƙil tun kafin la'asar. Rawa ta yi nisa, Tetsuji ya ɗora faifai na gaba, ya kara abin sauraro a kunnensa na dama kamar kullum, don ya daidaita bugun sabon kiɗan da na wanda ke tashi. Bai ji komai ba. Ya ƙara murya, shiru. Ya murɗa har ƙarshe, sannan ya yafito Onodera, tsohon abokinsa mai kula da lasifikoki.

"Mutumina, kayanka sun fara tsufa kamar kai," in ji Tetsuji. "Wannan ya mutu, kawo wani."

Onodera bai yi dariya ba. "Wanne ne ya mutu? Tun daga can nake jiyo ƙararsa."

Ya karɓa ya kai kusa da kunnensa, nan take ya janye yana yamutsa fuska. Tetsuji ya fizge ya ɗora a kunnen hagu. Ƙarar ta soke shi har cikin kai. Ya mayar dama. Babu ko ɗigo, sai dai yana jin abin yana karkarwa a fatarsa.

Ya tsaya riƙe da shi kamar an dasa shi. Faifan da ke tashi ya ƙare bai sani ba. Mutane suka daina rawa, suka juyo, wasu na tafi a zaton wani salo ne. Matarsa Michiru ta keto taron ta zo ta gefen damansa tana magana. Bakinta kawai yake gani yana motsi. Sai da ta riƙo haɓarsa ta juyo da shi ya ji tana cewa, "Maigida, lafiya? Me ya same ka?"

"Ba na ji," ya ce. Muryarsa ma ta zo masa kamar ta wani.

Onodera ne ya ƙarasa casun. A asibiti likita ta tambaye shi ko kunnen ya taɓa yi masa ƙugi. Ya ce ya kwana biyu yana yi, shi dai ya ɗauka gajiya ce. Ta ɗora shi a kan magani, ta kuma gaya masa gaskiya: wasu jinsu kan dawo, wasu ba ya dawowa.

Ranar Juma'a ya shiga ɗakin gabatar da shirinsa. Bai gaya wa kowa a gidan rediyon ba. Da aka buɗe masa makirufo, maimakon gaisuwar da ya saba, sai ya ba masu sauraro labarin tiryan-tiryan. Mai kula da shirin ta yi sororo a bayan gilashi, har ta manta ba ta saki kiɗa ba.

Jin bai dawo ba. Tetsuji ya ci gaba da rediyo da shirya casu, amma ya yi watanni a gida yana koya wa kunnen hagu aikin kunne biyu, kamar sabon shiga. Da sanyi ya shigo, ya yarda ya yi kiɗa a wani ƙaramin shagon faya-fayai, gaban mutanen da ba su fi cikin ɗaki ba. Sau biyu bugun ya sarƙe masa, kowa ya ji. Ya share gumi da hannun riga, ya gyara, ya jawo faifai na gaba.